Matuƙin da ya zauna a kujerar abokan gaba: tambayoyi da amsoshi kan Kyaftin Eric Brown

Yawancin matuƙan da suka ga yaƙin Hitila daga waje kawai suka san jirgin abokin gaba. Wani baƙin ɗigo ne da ke ƙara girma a gilashi, ko wuta da ke tartsatsi a bakin fiffike. Kaɗan ne ƙwarai suka taɓa shiga cikinsa, suka riƙe sandar tuƙinsa, suka ji inda yake da sauƙin kai da inda yake da gardama. Kyaftin Eric Brown na rundunar sojan ruwan Birtaniya yana cikin waɗannan ƙalilan. Ya yi musayar wuta da jiragen Jamus a 1941, daga baya kuma ya tuƙa iri 53 daga cikinsu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne shi, kuma me ya sa ake ɗaukar maganarsa da muhimmanci?

A Sukotland ya tashi, ya karanci Jamusanci a Jami'ar Edinburgh. Gajere ne, tsawonsa bai wuce santimita 170 ba, shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa "Winkle", sunan wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na bakin teku. Raina kama ka ga gayya: ya tuƙa nau'in jirgi 487, ya sauka a kan jirgin ruwan dakon jirage sau 2,407, kuma har yau ba wanda ya kamo shi a ko ɗaya daga cikin biyun. Shi ne mutum na farko da ya sauke jirgin jet a kan jirgin ruwa, ranar 3 ga Disamba 1945, a kan HMS Ocean.

Alaƙarsa da Jamus ta girmi yaƙin. Ya ba da labarin cewa a 1936, lokacin wasannin Olamfik na Berlin, shahararren matuƙin Jamus Ernst Udet ya ɗauke shi a jirgi, ya yi ta juyi da shi a sama, da suka sauka ya ce masa ya je ya koyi tuƙi ya kuma koyi Jamusanci. Ya yi duka biyun. Da yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939 yana cikin Jamus. Dakarun SS na 'yan Nazi suka tsare shi kwana uku, sannan suka raka shi iyakar Suwizalan, har suka bar masa motarsa ƙirar MG, domin a cewarsu ba su da kayan gyaranta.

Ya taɓa faɗa da gaske a sama, ko gwajin jirage kawai ya yi?

Ya yi faɗa, kuma a wuri mai wahala. A 1941 yana cikin runduna ta 802 a kan HMS Audacity, wani jirgin dakon kaya na Jamus da aka kama aka shimfiɗa masa dandamalin sauka a bisa. Tsawon dandamalin bai fi mita 140 ba. Babu rumfar ajiye jirage, a fili ake ɗaure su, ruwan gishiri na dukansu dare da rana, kanikawa na gyara cikin iska da sanyi. Jirgin da yake tuƙawa shi ne Martlet, wanda Amurkawa ke kira Wildcat.

Aikinsu raka ayarin jiragen kaya tsakanin Birtaniya da Jibraltar. Babban abin da suke farauta shi ne Focke-Wulf 200 Condor, ƙaton jirgi mai inji huɗu wanda asalinsa na fasinja ne. Condor kan taso daga Faransa ya yi ta shawagi a kan teku, in ya hango ayari ya sanar da jiragen ƙarƙashin ruwa, wani lokaci ya saki bam da kansa. Bindigogi ne a jikinsa sama da ƙasa da gefe. Kwamandan rundunar su Brown ma wajen kai wa Condor hari aka harbo shi ya mutu.

Abin da Brown ya yi a nan shi ya nuna irin mutumin da zai zama. Ya zauna ya yi nazarin inda kowace bindiga ke iya juyawa, ya gano cewa ta gaba sosai, daidai saitin hanci, wutarsu ba ta kai yadda ya kamata. Sai ya riƙa tunkararsa gaba da gaba, a miƙe, yana nufin gilashin da matuƙa ke zaune. Jirage biyu na rugowa juna, damar harbin ba ta wuce daƙiƙa biyu ko uku, sannan dole ka ja sama kafin ku yi karo. Da wannan dabara ya kakkaɓo Condor biyu, ɗaya a Nuwamba, ɗaya a Disamba.

Yaya aka yi ya bar fagen daga?

Daren 21 ga Disamba 1941 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-751 ya nutsar da Audacity. Brown ya tsinci kansa cikin tekun Atlantika a tsakiyar hunturu. Su 24 suka ɗaure juna da igiya don kada igiyar ruwa ta raba su. Cikin dare sanyi ya riƙa sa mutane barci ɗaya bayan ɗaya, wanda kansa ya faɗa ruwa ya tafi ke nan, sai a kwance shi daga igiyar. Kafin a tsamo su saura mutum biyu, shi da wani matuƙi. Ya sha faɗin cewa rigar ceto irin ta matuƙa, mai tallafe wuya, ita ta raba su da sauran.

Rahoton da aka rubuta a kan gwanintarsa ta sauka a kan jirgin ruwa shi ya kai shi aikin gwaji, har ya dangana da cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a kudancin Ingila.

Ta ina jiragen Jamus suka shigo hannunsa?

Tun ana cikin yaƙi wasu kan faɗo hannun Birtaniya lafiya lau. Misali, ranar 23 ga Yuni 1942 wani matuƙin Jamus ya rikice bayan artabu, ya sauke sabon jirgin yaƙi Focke-Wulf 190 (Fw 190) a filin Pembrey na yankin Wales yana zaton Faransa ce. Irin waɗannan akan kai su Farnborough a kwance su a auna, a kuma tashe su.

Da yaƙi ya zo ƙarshe a 1945 sai abin ya zama rige-rige tsakanin Birtaniya da Amurka da Rasha, kowa na son kwasar fasahar Jamus. Aka ɗora Brown a kan sashen da ke tattaro jiragen abokan gaba, saboda ga tuƙi ga harshe. Ya riƙa bin filayen jirage a arewacin Jamus da Danmak. Sau da yawa babu littafin bayani, an ƙone. Sai ya zauna da kanikawan Jamus da aka kama, ya tambaye su da harshensu, ya rubuta 'yan lambobi a takarda ya ɗaure a cinya, ya hau. Ka tuna, mutanen da jiya-jiya suke yaƙi da ƙasarsa su ne suka ɗaure masa kusoshin injin.

Mene ne amfanin tuƙa jirgin abokin gaba?

Rai yake ceta. Matuƙin da aka gaya wa cewa jirgin maƙiyi tarkace ne zai shiga faɗa da ganganci. Wanda aka gaya wa gaskiya, cewa wancan ya fi ka nutsowa amma ka fi shi kwana, ya san abin da zai yi da abin da zai guje wa.

Ga misali. A farkon 1944 Amurkawa na asarar jiragen da ke raka masu jefa bam a can ƙololuwar sama, Janar Jimmy Doolittle ya nemi taimakon Farnborough. Matsalar ita ce idan jirgi ya nutso da gudu har ya doshi saurin sauti, sandar tuƙi kan ƙage, jirgin ya daina jin magana. Su Brown suka auna iyakar da kowane jirgi ke iya faɗa kafin hakan ta faru. A lissafinsu P-38 Lightning na tsayawa a kashi 68 cikin ɗari na saurin sauti, P-47 Thunderbolt a 71, Messerschmitt 109 (Bf 109) da Fw 190 na Jamus a 75, Mustang kuwa a 78. Wato Mustang ne kaɗai cikin jiragen Amurka ukun ke iya bin Bajamushe ƙasa ya ci gaba da harbi.

Tsakanin Messerschmitt 109 da Focke-Wulf 190, wanne ya fi burge shi?

Fw 190, ba tare da wata-wata ba. Ya yaba yadda yake mirginawa gefe cikin ƙiftawar ido, da yadda matuƙi ke gani ta ko'ina saboda rufin gilashin, da faɗin ƙafafunsa da ke sa ya zauna daram a ƙasa. Injinsa BMW 801 yana da wata na'ura da ke daidaita mai da farfela da kanta, matuƙi totur kawai yake turawa, hankalinsa na kan faɗa. Da ya bayyana a 1941 ya fi Spitfire V na Birtaniya na lokacin, sai da Birtaniya ta yi gaggawar fito da Spitfire IX. Aibinsa a wurin Brown shi ne ba ya gargaɗi. In ka matsa masa a kwana fiye da kima, fiffike ɗaya kan saki kawai ya kifa da kai, kuma in kana kusa da ƙasa babu sauran magana.

Shi kuwa Bf 109 bai kwanta masa ba. Mazaunin matuƙi a matse yake, ko shi da yake ƙaramin mutum ya ji takura. Rufin na da ƙarafa masu kauri da ke tare gani, baya kuwa kusan ba a ganin komai. Ƙafafunsa a tsuke suke, don haka wajen tashi da sauka yakan kwace ya karkace, kuma ya cinye sababbin matuƙa da yawa tun ba su ga abokin gaba ba. Idan gudu ya yi yawa sandar kan yi nauyi. Akwai kuma wasu 'yan faifai a bakin fukafukai da ke buɗewa da kansu idan gudu ya ragu. A tsakiyar kwana ɗaya kan riga ɗaya buɗewa, jirgin ya yi fizga, saiti ya lalace.

Duk da haka bai hana shi haƙƙinsa ba. Injin Daimler-Benz na 109 famfo ke tura masa mai kai tsaye, saboda haka matuƙi na iya dankwafar da hanci ya nutse inji bai yi tari ba. Spitfire na farko kafireto gare shi, in ya yi haka sai inji ya shaƙe. Wata injiniya a Farnborough, Beatrice Shilling, ita ta samo maganin wucin gadi a 1941.

Wane jirgin Jamus ya ɗauka mafi haɗari?

Messerschmitt 262. Ya ce a duk jiragen yaƙin duniya na biyu babu wanda ya kai shi ban tsoro. Jet ne mai inji biyu, fukafukansa sun ɗan ja baya, gudunsa ya kai kilomita 870 a awa, alhali Mustang na wajen 700. A hancinsa akwai igwa huɗu masu bakin milimita 30, harsashi kaɗan ya isa ya tarwatsa babban jirgin bam. Mai irin wannan gudu shi ke zaɓen lokacin faɗa, shi ke zaɓen lokacin tafiya. Yabon gwani ya zama dole, kuma Brown bai yi rowarsa ba.

To me ya hana shi ceton Jamus?

Inji da lokaci. Jamus ba ta da isassun ƙarafan da ke jure zafi, irin su nikel da kuromiyam, don haka injin Jumo 004 ba ya wuce kimanin awa 25 yana aiki sai a jefar. Totur ɗinsa kuma lallaɓawa yake so. In ka tura da sauri inji ya mutu ko ya kama wuta. Wannan ya sa jirgin ya zama nama a lokacin tashi da sauka, matuƙan Amurka da Birtaniya suka gane haka, suka riƙa yi masa kwanton ɓauna a bakin filayensa. Brown ya ƙara da wani aibi: ba shi da birkin iska. Yakan rugo wa jirgin bam da gudun da ya wuce kima, igwarsa kuma ba ta cin nesa, sai ya zama daƙiƙa biyu kacal matuƙi ke da su na saiti da harbi.

An ƙera kusan 1,400, amma ƙalilan ne ke iya tashi a kowace rana, ga ƙarancin mai, ga ƙarancin ƙwararrun matuƙa. Sai a tsakiyar 1944 ya shiga fage. Ihu ne bayan hari.

Da gaske ne ya tuƙa jirgin roka?

Da gaske ne, kuma ba da izinin manyansa ba. Messerschmitt 163 Komet ɗan guntun jirgi ne mai kama da jemage. Ruwa biyu yake sha, waɗanda Jamusawa ke kira T-Stoff da C-Stoff, da zarar sun haɗu sai wuta. Na farkon yana cin naman mutum in ya zuba masa. Motocin da ke kawo su ma ba a bari su kusanci juna. Jirgin kan yar da tayoyinsa bayan tashi, man ya ƙare cikin minti bakwai zuwa takwas, sannan ya dawo ba inji ya sauka a kan wani sulun ƙarfe. In akwai ragowar mai a tanki kuma saukar ta yi tsauri, yana iya fashewa.

A watan Yuni 1945, a filin Husum na arewacin Jamus, Brown ya lallashi kanikawan Jamus su shirya masa ɗaya. Sun ji tsoron abin da zai same su in ya mutu, sai da ya sa hannu a takarda cewa umurninsa suka bi. Ya haura ƙafa 32,000 cikin ƙasa da minti uku. Ya kwatanta abin da tuƙa jirgin ƙasa da ya tsinke. Hukuncinsa shi ne a iska jirgin na da daɗin hannu ƙwarai, amma a matsayin makami bai biya kuɗin sabulu ba. Jiragen da Komet ya kakkaɓo a duk yaƙin ba su kai 20 ba.

Akwai waɗanda ya kushe?

Heinkel 177 na kan gaba. Babban jirgin bam ne da aka haɗa masa inji biyu-biyu suna juya farfela ɗaya, zafi ya yi yawa, yana yawan kama wuta. Brown ya ce yana cikin 'yan jiragen Jamus da bai ji daɗin tuƙawa ba sam.

Heinkel 162 kuwa labarinsa daban. Ƙaramin jet ne mai fukafukan katako da aka ƙera cikin gaggawa, da nufin a ɗora samarin ƙungiyar matasan Hitila a kai bayan ɗan horo. Brown ya ji daɗinsa, amma ya ce sai gwani, domin wutsiyarsa ba ta jure murɗawa da ƙarfi. A Nuwamba 1945 wutsiyar ɗaya ta karye a sama a wajen Farnborough, matuƙin Birtaniya da ke ciki ya mutu. Wannan gogaggen matuƙi ke nan. Ni dai duk lokacin da na tuna cewa yara 'yan shekara goma sha aka yi niyyar turawa cikinsa, sai jikina ya yi sanyi.

A ɗaya gefen ya yaba Junkers 88 matuƙa, ya kuma ce Stuka, mai jefa bam ta hanyar nutsowa, shi ne jirgin da ya ji yana nutsowa a tsaye cak kamar don haka aka halicce shi.

Jiragen Japan fa?

Ya tuƙa Zero bayan yaƙi. Ya same shi mara nauyi, mai kwana kamar tsattsewa, mai cin dogon zango. Amma an sayi wannan sauƙi da ran matuƙi: babu sulke a bayan kujera a samfuran farko, tankin mai kuma ba ya toshe kansa in harsashi ya huda shi.

Wannan yabo da yake yi wa jiragen Jamus, ba sassauci ba ne ga 'yan Nazi?

Ko kusa. A Afrilu 1945, kwanaki kaɗan bayan sojojin Birtaniya sun shiga sansanin gwale-gwalen 'yan Nazi na Bergen-Belsen, aka nemi Brown ya taimaka da tafinta. Ya tarar da gawawwaki fiye da dubu goma a zube ba a binne ba, da dubban mutane da yunwa da cuta suka mayar ƙashi da fata. Shi ya yi wa kwamandan sansanin Josef Kramer tambayoyi, da wata mai gadi, Irma Grese, wadda ya ce bai taɓa haɗuwa da mugun ɗan Adam kamarta ba. An rataye su biyun a Disamba 1945. Har tsufansa yana cewa warin wurin bai bar hancinsa ba.

Mutumin da ya ga wannan da idonsa shi ne kuma ya zauna ya rubuta cewa fiffiken Fw 190 gwanin kyau ne. A ganina wannan ne ya sa shaidarsa ke da nauyi. Ya san sarai wa jiragen nan suka yi wa aiki, bai kuma bari ƙiyayya ta sa ya rage wa injiniyoyinsu ko kilomita ɗaya a rahoto ba, domin matuƙan ƙasarsa da wannan rahoto za su shiga sama.

Ya gana da manyan Jamus?

Ya yi wa da dama tambayoyi: Willy Messerschmitt, Ernst Heinkel, Kurt Tank wanda ya zana Fw 190, Wernher von Braun na rokoki, da matuƙiya Hanna Reitsch. Ya kuma zauna da Hermann Göring, shugaban rundunar saman Jamus. Da ya tambaye shi yadda yake ganin sakamakon gwabzawar sama da aka yi a kan Birtaniya a 1940, Göring ya ce kunnen doki aka yi.

Za a ɗauki duk abin da ya faɗa a matsayin hukuncin ƙarshe?

A'a, kuma akwai dalilai. Wasu jiragen sau ɗaya ko biyu ya hau su. Da yawa sun gaji, an ƙera su a ƙarshen yaƙi da kayan da aka samu, babu kayan gyara. Sannan idon mai gwaji daban yake da na wanda ya shekara uku a kujera ɗaya. Matuƙin Jamus Erich Hartmann, wanda aka lissafa ya kakkaɓo jirage 352, a cikin Bf 109 ɗin da Brown ya kushe ya yi su. Wanda ya saba da jirgi yakan mayar da aibinsa dabara. Bayan rasuwarsa ma an gano cewa labarin haihuwarsa ba yadda ya riƙa faɗa yake ba: a London aka haife shi, wasu iyali 'yan Sukotland suka ɗauke shi riƙo.

Abin da ba a iya ƙwace masa shi ne ma'auni. Hannu ɗaya ne ya riƙe Spitfire da Mustang da Fw 190 da Zero da Me 262, kuma yana rubuta abin da ya ji tun gumi bai bushe ba.

A ƙarshe wanne ya zaɓa?

Cikin masu farfela na lokacin yaƙi ya sa Spitfire XIV a gaba, Fw 190D-9 na biye da shi kurkusa, sai Mustang. Amma ya ce in a sararin Berlin za a yi faɗan, Mustang zai hau, domin Spitfire ba shi da man komawa gida. Don jin daɗin tuƙi kawai, de Havilland Hornet ya fi so, a jet kuma F-86 Sabre.

A 1958 aka sake tura shi Jamus, wannan karon don ya taimaka a kafa sashen jiragen sama na sabuwar rundunar ruwan Jamus ta Yamma, yana horar da matuƙansu da harshensu. Ya yi ritaya a 1970, ya rasu ranar 21 ga Fabrairu 2016. Lambobin yabonsa da littattafan da ya riƙa rubuta kowane tashi a ciki suna gidan tarihin jiragen rundunar ruwa da ke Yeovilton a Ingila.